Yaƙin Shekara Bakwai: Abin Da Ya Kamata Ku Sani

Yaƙin duniya biyu aka koya mana a makaranta, na 1914 da na 1939, wanda ya kai kakanninmu har ƙasar Bama. Amma akwai wani da ya riga su da shekara fiye da 150, aka gwabza shi a Turai da Amurka da Indiya da gaɓar tekun Afirka ta Yamma a lokaci guda. Shi ne Yaƙin Shekara Bakwai, daga 1756 zuwa 1763. Masana tarihi da dama suna ganin shi ne yaƙin duniya na farko na haƙiƙa.

Kai da kake zaune a Soron Ɗinki ko wata unguwa ta cikin badala, kana iya cewa faɗan da ba ruwanka daɗin kallo gare shi. Da gaskiyarka ta wani ɓangaren, domin ko harsashi ɗaya na wannan yaƙi bai faɗo cikin ganuwar Kano ba. Sai dai a cikinsa ne Ingila ta sami ƙarfi da kuɗi da dabarun da ta zo da su ƙofar Kano shekara 140 bayan an gama shi. Wannan ne ya sa ya cancanci ka san labarinsa.

Su wa da su wa suka kara?

Gefe ɗaya akwai Ingila da Purusiya, daga baya Fotugal ta shigo. Ɗaya gefen akwai Faransa da Ostiriya da Rasha da Suwidin da Saksoni, sannan Sifaniya ta bi su a 1762. Kada sunan Purusiya ya rikita ka, don yanzu babu ƙasa mai wannan suna. Masarauta ce a arewacin Jamus, babban birninta Balin. A lokacin Jamus ba ƙasa ɗaya ba ce, masarautu ne barkatai kowace da sarkinta, sai a 1871 aka haɗe su.

Kowace daga cikin manyan ƙasashen nan ta jawo wasu cikin rigimar. Ingila da Faransa da Sifaniya suna da yankunan mallaka, wato ƙasashen wasu mutane da suka mamaye a ƙetaren teku suna iko da su suna kwasar amfaninsu. Duk inda tutar ɗaya take kusa da ta ɗaya, nan ma wuta ta kama.

Me ya haddasa shi?

Rigima biyu ce ta haɗe ta zama ɗaya.

Ta farko a Turai take. A 1740 sarkin Purusiya, Frederick na Biyu, ya ƙwace wani yanki mai arzikin saƙa da ma'adinai da ake kira Silesiya daga hannun sarauniyar Ostiriya, Maria Theresa. Yawancin yankin yana cikin ƙasar Folan a yau. Sarauniyar ba ta haƙura ba. Ta shirya da Faransa, wadda suka daɗe suna gaba da juna, ta kuma jawo Rasha. Da Frederick ya ga an kewaye shi, bai tsaya jira ba, sai ya afka wa maƙwabciyarsa Saksoni a watan Agustan 1756.

Ta biyu a Amurka ta Arewa take, kuma ita ce ta fara kamawa. Faransawa suna riƙe da Kanada, Ingilawa suna da garuruwansu a bakin tekun gabas. Tsakaninsu akwai kwarin kogin Ohayo, ƙasa mai albarka wadda ke da masu ita, wato 'yan asalin nahiyar da Turawa suka tarar. Kowane ɓangare ya ce tasa ce. A watan Mayun 1754 wani matashin hafsa ɗan shekara 22 ya yi wa wata ƙaramar rundunar Faransawa kwanton ɓauna a dajin, aka kashe shugabansu. Sunan matashin George Washington, wanda daga baya ya zama shugaban ƙasar Amurka na farko. Shekara biyu ana taɓa juna a daji da teku kafin Ingila ta shelanta yaƙi a hukumance a watan Mayun 1756.

Yaya aka yi yaƙi a nahiyoyi da yawa, alhali babu waya babu jirgin sama?

Da jirgin ruwa mai tafiya da iska. Babban jirgin yaƙi na lokacin na katako ne, yana ɗauke da igwa 60 zuwa 100 jere a gefunansa, da ɗaruruwan mutane a cikinsa. Igwa ita ce babbar bindiga mai harba dunƙulen ƙarfe. Wasiƙa daga Landan zuwa Amurka tana cin makonni, zuwa Indiya kuwa sai ta yi wata shida a hanya. Saboda haka wanda ya riƙe teku shi ya riƙe komai: sojojinsa da albarushinsa da abincinsa suna isa, na abokin gabansa kuwa a tare su a hanya.

Wani ministan Ingila, William Pitt, shi ya fi kowa gane wannan. Ya riƙa bai wa Frederick fam dubu 670 kowace shekara tun daga 1758 domin ya shagaltar da sojojin Faransa a Turai, shi kuma ya juya jiragen Ingila kan yankunan mallakar Faransa ɗaya bayan ɗaya. A 1759 kaɗai Ingila ta karya jiragen yaƙin Faransa sau biyu a teku, ta ci tsibirin Gwadalup mai gonakin rake, ta kuma ci birnin Kwibek na Kanada a watan Satumba, a wani faɗa da janar-janar na ɓangarorin biyu, Wolfe da Montcalm, duk suka rasa rayukansu. Da Sifaniya ta shigo a makare, ita ma ta rasa Habana ta Kuba da Manila ta Filifin a 1762. Nisan Manila ya sa labarin faɗuwarta bai isa Turai ba sai bayan an gama tsara sulhu.

A Turai kuwa, Frederick ya sha da ƙyar. Ya yi nasarori masu ban mamaki a 1757, aka yi masa mummunan kaye a 1759, har ya fid da rai. Abin da ya cece shi rasuwar sarauniyar Rasha Elizabeth ce a watan Janairun 1762, domin magajinta Peter na Uku masoyin Frederick ne, yana hawa ya janye sojojinsa.

Me ya faru a Indiya?

Nan ne ya kamata ka fi sa ido, don nan ne darasin da ya shafe mu yake.

Waɗanda suka yi yaƙi a Indiya ba gwamnatoci ba ne kai tsaye, kamfanoni ne. Kamfanin Gabashin Indiya na Ingila an kafa shi a 1600, na Faransa a 1664. Ba irin kamfanin da ka sani na sayar da sabulu ko taliya ba ne. 'Yan kasuwa ne suka haɗa jari, gwamnatinsu ta ba su takardar izini su kaɗai su yi ciniki a wani yanki, su gina ganuwa, su ɗauki sojoji, su ƙulla yarjejeniya da sarakuna. Da farko baƙi ne masu neman alfarma, suna biyan haraji kafin su sayi yadi da kayan yaji.

Bengal ita ce lardi mafi arziki a Indiya, sarkinta Musulmi ne matashi, Siraj ud-Daula. A 1756 ya kama garin Kalkata daga hannun kamfanin Ingila, saboda sun ƙara wa ganuwarsu ƙarfi ba da izininsa ba. Kamfanin ya turo Robert Clive. Suka haɗu a wani wuri da ake kira Falashi ranar 23 ga Yunin 1757. Clive yana da mutum kusan 3,000, kashi biyu cikin uku Indiyawa ne da aka ɗauka aiki aka koya musu faretin Turawa. Sarkin yana da kusan 50,000.

Da tsakar rana aka sheƙe da ruwan sama. Mutanen Clive suka lulluɓe albarushinsu da tamfol, na sarkin kuwa ya jiƙe, igwoginsa suka yi shiru. Amma ba ruwan ne ya ci yaƙin ba. Tun kafin a fito fage Clive ya gama magana a ɓoye da babban kwamandan sarkin, Mir Jafar, da wasu manyan attajiran Bengal masu ba da rance. Mir Jafar ya tsaya da rundunarsa yana kallo, bai ɗaga takobi ba. Sarkin ya gudu, aka kamo shi aka kashe, Clive ya ɗora Mir Jafar a gadon sarauta. Zuwa 1761 Faransawa sun rasa hedikwatarsu ta Fondisheri. A 1765 sarkin sarakunan Indiya, Shah Alam na Biyu, ya miƙa wa kamfanin ikon karɓar harajin Bengal da Bihar da Orisa. Daga ranar, da kuɗin Indiyawa ake biyan sojojin Indiyawa su ci sauran Indiya.

Yaƙin ya taɓa Afirka?

Ya taɓa, kuma a kan wani abu da ka sani sarai: ƙaro. Ƙaron nan da ke tsatsowa daga jikin dakwara, wanda almajiri ke jefawa cikin tawada don ta kama allo ta yi ƙyalli. Masaƙun Turai na lokacin ba su iya buga zane a jikin yadin auduga ko gyara siliki sai da shi, domin shi ke sa rini ya yi kauri ya zauna inda aka sa shi. Mafi yawan ƙaron da Turai ke amfani da shi daga bakin kogin Senegal yake fitowa, daga hannun mutanen kudancin ƙasar Muritaniya ta yau, kuma Faransawa ne suka riƙe cinikin daga garinsu na San Luwi, wani tsibiri a bakin kogin da suka kafa a 1659. Masu masaƙa a Ingila sai sun saya ta hannun wasu da tsada.

Wani ɗan kasuwa, Thomas Cumming, ya shawo kan Pitt a tura jirage. A farkon watan Mayun 1758 San Luwi ta miƙa wuya. A watan Disamba na shekarar Ingila ta ci tsibirin Gore, wanda ke fuskantar birnin Dakar na yanzu, wurin da ake tsare bayi kafin a loda su a jirgi.

Ga wani abu da zai nuna maka yadda duniyar ta riga ta sarƙe. Masu ƙaron ba kuɗin Turai suke karɓa ba. Abin da suka fi so shi ne wani yadi mai rinin baba, shuɗi mai duhu irin wanda ka saba gani a marinar Ƙofar Mata, kuma a Fondisheri ta Indiya ake saƙa shi a rina. Wato faɗan Indiya da faɗan Senegal igiya ɗaya ce ta ɗaure su.

Sai dai kada ka ɗauka Turawa suna mulkin Afirka ta Yamma a lokacin. Tsibirai da 'yan ganuwoyi kawai suke riƙe da su a bakin teku, suna biyan sarakunan wurin kuɗin fito da na zama. Zazzaɓi yana kashe su, sarakunan cikin ƙasa sun fi ƙarfinsu. Babu Baturen da ya san hanyar Kano.

To Kano fa, me take ciki a waɗannan shekaru?

Sarki Yaji na Biyu ne a kan gado, daga 1753 zuwa 1768, wato yaƙin ya fara ya ƙare duk a zamaninsa. Fuskar kasuwancin Kano arewa take kallo, ta Agadas da Gat da Gadamas zuwa Tarabulus, sai kuma hanyar goro ta Gwanja. Damuwar ƙasar Hausa ba Turawa ba ce, Gobir ce, wadda ƙarfinta ke bunƙasa a ƙarƙashin Sarki Babari, wanda ya kafa Alƙalawa ya kuma karya Birnin Zamfara. A shekarar da Washington ya yi harbinsa a dajin Ohayo, a watan Disamban 1754, aka haifi Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a Maratta, cikin Jamhuriyar Nijar ta yau. Yana ɗan shekara 8 aka gama yaƙin.

Duk da haka iskar cinikin teku ta riga ta fara kaɗawa a Kasuwar Kurmi. Tarihin sarakunan Kano ya nuna cewa a zamanin Sarki Sharefa, daga 1703 zuwa 1731, kuɗin wuri ya shigo ƙasar Hausa. Wannan ɗan farin wuri daga tsibiran Maldif na tekun Indiya yake fitowa. Bengal na cikin manyan kasuwanninsa, jiragen Turawa su kwasa su kai Landan ko Amstadam, daga nan su kawo bakin tekun Afirka ta Yamma su sayi bayi da shi, sannan fatake su hauro da shi arewa. A zamanin Sarki Kumbari aka fara kawo bindigogi ta ƙasar Nufe. Babba Zaki kuwa, wanda ya gaji Yaji a 1768, shi ne sarkin Kano na farko da ya yi 'yan bindiga masu tsaron sarki. Ka ga ke nan, wurin da matar aure ke ƙirgawa ta sayi gishiri a Kano, da bindigar da ke ƙofar fada, duk sun biyo hanyoyin tekun da ake wannan yaƙi a kansu.

Su wa suka fi shan wahala?

Masana tarihi suna ƙiyasta waɗanda suka mutu tsakanin mutum dubu 900 da miliyan 1 da dubu 400. Da yawansu ba harsashi ne ya kashe su ba. A kewayen Habana, zazzaɓin shawara ya kashe sojojin Ingila ninkin-ba-ninkin waɗanda suka mutu a fagen fama. Manoman Saksoni da Purusiya an cinye musu hatsi, an kwashe musu dawakai da 'ya'ya maza. A gabashin Kanada Ingila ta kori Faransawa manoma fiye da dubu 10 daga gidajensu tun daga 1755. 'Yan asalin Amurka, waɗanda ƙasar tasu ce tun fil azal, ba a gayyaci ko ɗaya daga cikinsu wurin sulhu ba, shi ya sa suka yi gagarumin bore a 1763 ƙarƙashin wani shugabansu mai suna Pontiac. Bengal kuwa, shekara biyar da faɗawa hannun kamfani ta shiga yunwar 1770 wadda ta kashe miliyoyin mutane, kamfanin kuma bai fasa karɓar haraji ba.

Waɗanda aka fi mantawa da su su ne 'yan Afirka. Tsibiran raken da ake ta rububi a kansu, da gumin bayi suke samar da sukari. Da Ingila ta kama Gwadalup da Habana, 'yan kasuwarta suka shigar da dubban sababbin bayi cikin 'yan shekaru. A Jamaika, a 1760, bayin da aka kwaso daga yankin Gana ta yau suka yi babban tawaye ƙarƙashin wani mai suna Tacky, aka murƙushe su da tsananin rashin imani. Akwai kuma wani yaro bawa a cikin jiragen yaƙin Ingila, aikinsa ɗauko albarushi ya kai wa masu igwa ana tsakiyar wuta. Sunansa Olaudah Equiano, wanda ya rubuta cewa shi ɗan ƙasar Ibo ne. Bayan ya fanshi kansa ya wallafa tarihin rayuwarsa a 1789, littafin ya zama makami a hannun masu yaƙi da cinikin bayi.

Yaya aka ƙare, kuma nawa aka kashe?

An sa hannu kan yarjejeniyar Faris ranar 10 ga Fabrairun 1763. Faransa ta bar wa Ingila Kanada da kusan duk ƙasarta da ke gabas da kogin Misisifi, da San Luwi ta Senegal. Aka mayar mata da Gore da tsibiran rakenta na Gwadalup da Matinik, da 'yan wuraren cinikinta na Indiya. Sifaniya ta ba da Fulorida ta karɓi Habana. Kwana biyar bayan haka Purusiya da Ostiriya suka yi nasu sulhun, kowa ya koma iyakarsa ta da. Silesiya ta zauna a hannun Frederick, bayan an shekara bakwai ana zubar da jini a kanta.

Ingila ta ci yaƙi, amma da rance ta ci shi. Bashin da ake bin gwamnatinta ya tashi daga kimanin fam miliyan 75 zuwa kimanin miliyan 133. Don rage nauyin sai ta ɗora wa mutanenta na Amurka sababbin haraji, ciki har da na takardu a 1765. Bakano ba zai yi mamakin abin da ya biyo baya ba, domin tarihin garinsa ya faɗi yadda Sarki Kumbari, bayan yaƙe-yaƙensa, ya tsananta haraji a Kurmi har Larabawa suka koma Katsina, talakawa suka watse ƙauyuka. Mutanen Amurka su ba tashi suka yi ba, ɓallewa suka yi a 1776. Faransa ta taimaka musu don ta rama, ta kuma sake karɓe San Luwi a 1779, amma bashin da ta ci ya taimaka wajen jawo juyin juya halin 1789 wanda ya ci kan sarkinta.

Ina haɗin wannan duka da zuwan Turawa Kano?

Ba a miƙe hanyar take ba, abubuwa da yawa sun faru a tsakani: jihadin 1804, hana cinikin bayi, injin tururi, maganin zazzaɓi, bindiga mai ruwa. Amma abu biyu sun samo tushe daga 1763.

Na farko, Ingila ta zama mai iko da teku, Faransa kuma daga baya ta dawo ta riƙe bakin kogin Senegal. Daga San Luwi ɗin nan Faransawa suka yi ta kutsowa gabas a ƙarni na 19, har suka kama Damagaram a 1899. Ingilawa su kuma suka hauro daga Ikko da bakin kogin Kwara. Inda suka haɗu suka ja layi, shi ne ya sa yau yaron Maraɗi ke karatu da Faransanci, ɗan'uwansa na Katsina da Ingilishi.

Na biyu shi ne salon aikin, kuma a ganina shi ya fi muhimmanci. Abin da aka gwada a Bengal shi aka maimaita a nan. Kamfani ne ya fara zuwa, Kamfanin Neja na George Goldie, wanda ya sami takardar izinin sarauniya a 1886, da jiragensa da sojojinsa da takardun yarjejeniya. A 1900 gwamnati ta karɓa daga hannunsa. Bayan cin ƙasa ba a rushe sarauta ba, aka bar sarakuna a kan gado, haraji da hukunci na ƙarshe suka koma hannun Bature, kamar yadda aka yi da ɗaruruwan masarautun Indiya. Shi kansa Lugard, Baturen da ya jagoranci cin ƙasar nan ta Arewa, a Madaras ta Indiya aka haife shi a 1858, garin da Faransawa suka yi wa ƙawanya shekara 100 daidai kafin nan, a cikin wannan yaƙi, suka kasa ci.

Ka kuma duba su wa suka riƙe bindigogin. Rundunar da Kanar Morland ya kawo Kano ranar 3 ga Fabrairun 1903, lokacin Sarki Alu yana kan hanyarsa ta dawowa daga Sakkwato, Turawan cikinta ba su kai 50 ba. Sauran, mutum fiye da 700, 'yan ƙasar nan ne da aka ɗauka aikin soja, kuma da yawansu Hausa suke ji.